Yatsa Bakwai

Duk wanda ya san taubashina Ɗan Tanin maharbi a Maijirgi ya san ba ya harbi sai ya jingina bayansa da itace. Ba tsoro ba ne, wai. Bindigarsa adaka ce, ta ɗuri, kuma inda maharba ke zuba albarushi yatsa uku, shi bakwai yake dannawa, ya bi da tsumma da guntayen ƙafar tukunyar ƙarfe. Ya rantse ko sarki bai isa ya sa shi ragewa ba. Sunan Yatsa Bakwai ya bi shi, yana jin daɗinsa fiye da fura.

"Albarushi ba ya son rowa," in ji shi. Mutumin da ke raba goro ɗaya gida takwas!

Ran nan ya harbi zabo a hanyar Tasawa. Ƙarar ta sa jakai tsinke igiya. Muka je, sai gashi ke saukowa daga sama.

Na ce, "Taubashi, ina naman?"

"Kai dai mayunwaci ne. Na same shi ko ban same shi ba?"

Zamanin soja, jandarmomi suka zo karɓar bindigogi. Babbansu ya ce sai ya gwada wannan da ake ta labari.

"Ranka shi daɗe, ka jingina da iccen ga."

"Ni za ka koya ma harbi?"

Daram! Muka tsinto shi cikin ƙaiƙayi, hula a gabas, takalmi a yamma. Ya karkaɗe wando, ya miƙa wa Ɗan Tanin kayarsa.

"Riƙe abinka. Wagga ita kanta horo ce."

Sai fari ya zo. Gero ya ƙone tun yana ƙarami, rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye. Muka daina jin tsawar Ɗan Tanin, muka ce yunwa ta kwantar da tsoho. Amma kullum da hantsi sai a ga kurciya ko fakara a ƙofar gidan masu jego da marayu, sukutum, ko fiffike bai karye ba.

Wata safiya na riske shi a bayan gari yana ɗuri. Ya zura sandar ɗurin cikin bindigar, na dubi abin da ya rage a waje, ma'aunin albarushin ke nan. Yatsa biyu. Ya ga na gani, kunya ta rufe shi kamar an kama shi da sata.

"Bakwai ba ta barin nama," ya ce. "Yara kuwa ba su cin ƙara. In ka hwaɗa ma kowa, ban yahe ba."

Wallahi dariyar da na taho da ita ta maƙale, sai hawaye.

Na riƙe bakina har ƙasa ta rufe masa ido. Yau na faɗa, Taubashi, sai ka yi haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya sa yatsu biyar ɗin nan da ka rage su fi komai nauyi a mizaninka. Amin.