Hajara Mai Humra da Amaryar da Ba Ta Zo Ba

Ranar an yi zafin da ko tantabaru sun laɓe a ƙarƙashin motoci, iska ba ta motsi. Ina zaune a tashar motoci ta Kudai, nan Makka, inda nake sayar wa direbobi shayi, sai na ji muryar ƙanwata Hajara tana fita daga jawwal, wato wayar hannu, ta wani direba, maza sun kewaye shi suna dariya.

Bari in faɗi wace ce ita. Iyayenmu sun zo Makka ta Sudan, a can innarmu ta koyi haɗa humra da dilka da turaren tsuguno na amare, ita kuma ta koya wa Hajara. Da mijin Hajara ya rasu, da wannan sana'a ta riƙe kanta a unguwar Nakkasa. Ba ta haɗa wa mata biyu abu iri ɗaya. Sai ta ji ƙamshin da mace take so da wanda yake sa ta ciwon kai, sannan ta jiƙa, ta rufe kwalba ta bar ta ta nuna.

Da aka fara rushe unguwar, maƙwabta suka watse, ciniki ya koma ta waya. Nan 'yan ɓata lokaci suka same ta. Wata ta sa a ɗauko mata hoton kowace kwalba, ta ce sai ta yi shawara da maigida. Wata a gama haɗa mata ta ɓace. Na ce, "Hajara, ki riƙa karɓar arabun, kuɗin kafin alƙalami, tukuna, wadda ba ta ba da ba ki share ta."

Ta ce, "Yaya Garba, mutum ya yi mini sallama in ƙi amsawa? A garin nan?"

Haka take. Duk wanda ya rubuto sallama sai ta amsa, ta tambayi gida da yara da gajiya. Kuma idonta ba ya son rubutu, da murya take mayar da amsa.

Sai ga wata wai ita Rumasa'u, amarya, marainiya, ba ta da uwar da za ta faɗa mata komai. Rubutu kawai take yi, wai kunya take ji. Hajara ta ji tausayinta. Ta haɗa mata humra ba arabun, ta kuma shiga yi mata irin bayanin da manyan mata suke yi wa amarya a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Kullum da sabuwar tambaya, tana kiranta Hala, wato gwaggo. "Hala, ban gane ba, ƙara yi mini bayani." Biki kuma kullum ana ɗaga shi.

Wannan bayanin ne na ji a Kudai. Babu wata Rumasa'u. Wani ƙato ne da ba shi da abin yi, ya tara muryar ya raba wa abokansa.

Na ajiye buta na je na ce wa direban, sunansa Taha, "Kashe wannan."

Ya ce, "Ya Ammi, haba Baffa, wasa ne fa. Tsohuwar nan malama ce, wallahi!"

Na ce, "Ƙanwata ce. Uwarka ma ita ta gyara ta ranar aurenta."

Ya kashe, ya sunkuyar da kai. Amma jawwal nawa ne a Makka?

Ban so faɗa mata ba, sai dai mata sun riga ni. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ɗauko kwalbar da ta rubuta wa sunan Rumasa'u, ta juye ta a magudanar ruwa. Lungun ya kwana biyu yana ƙamshi.

Daga baya ta kafa doka: sai ta ji muryar mace, sai an ba da arabun, kuma bayani sai ido da ido. Dokar ta yi kyau, amma ta zo a makare. Matan da suka san gaskiya ma sun ja baya, don mazajensu sun ce kada a ga ƙafarsu a gidanta. Wanda ya yi abin kuwa ba wanda ya ko neme shi.

Yanzu Hajara tana unguwar Shisha, a shuggar ɗanta Hudaifa, wato sashensa a gidan bene. Tana haɗa humra jefi-jefi ga wadda ta hau bene ta ƙwanƙwasa ƙofa. Jawwal ɗinta yana cikin akwati a kashe, ko ni in ina son jin muryarta sai na hau tasi na je.