Jan Ƙyallen da Ban Faɗa wa Kaka Ba

Lokacin da wannan abu ya faru ina ajin ƙarshe a lekol, wato makarantar firamare, ta 'yan mata a Garwa. Yarinya ce ni mai kunya, ko madam, malamarmu, ta kira sunana ba na iya ɗaga kai, amma ba abin da ke wuce idona. Na san ɗalibar da ke juya safarta don ɓoye huji, na san ranar da madam ta yi kuka kafin ta shigo aji. Gidanmu na fatake ne, kakanninmu da goro suka zo daga Kano. Yanzu ina lise, wato sakandare, kuma har yau ban iya buɗe baki na faɗi wannan magana a gida ba, shi ya sa na rubuto muku.

A shekarar ne baffana ya kawo 'yarsa daga Duwala ya bar ta wurin Kaka, don mahaifiyarta ta rasu, shi kuma kullum yana hanya. Kaɗan ta girme ni, amma ta ce dole in kira ta Yaya. Kaka ta haɗa mu kwano ɗaya, kamar yadda ake yi wa sa'anni a gidanmu, wai waɗanda hannunsu ya saba haɗuwa a kwano ba sa riƙe juna a zuci. Yaya tana da baki, tana da dariya, Faransancinta kuma kamar na gidan rediyo. Ina son ta, ina kuma jin zafin yadda kowa ke juyowa idan ta shigo. Ranar da Kaka ta murza mana taliya ta zuba manja da yaji, Yaya ta cinye rabonta tas, sannan ta ce da daɗi, amma a Duwala babanta ya kai ta gidan abincin 'yan Italiya, inda taliya ba ta narkewa a baki, ana jin ta a haƙori, ga miyar tumatir da tafarnuwa, ga cuku an goge a kai. Kaka ta ce to 'yar bakin teku, tunda taliyar gidan nan ba ta kai ba, gobe sai ta ci labari ta sha ruwa.

Daga nan Yaya ta sa wa ranta sai ta samo irin wannan taliyar a Garwa, don ta ce garin da aka haifi shugaban ƙasa ba zai rasa ba. Idan an tashi lekol sai ta ja ni mu bi doguwar hanya. Mun leƙa bayan otal ɗin Faransawa, ta hangi makaroni ya yi laushi ya dunƙule a faranti, ta ce wannan kunu ne ya yi tafiyar ɓata. Mun je wata rumfa kusa da tashar jirgin ruwa ta Binuwai, warin tsohon mai ya kore mu. Ta koya mini dokarta: gidan da ƙamshin tafarnuwa ya tare ka tun daga titi, kuma ka ga 'yan Italiya da kansu a zaune, shi ne na kirki. Ni ce na gano shi. Na lura da motocin masu aikin hanya suna tsayawa da azahar a ƙofar wani ƙaramin gida a hanyar filin jirgin sama, kuma an shuka ɗoɗɗoya a tsofaffin gwangwanaye a bakin ƙofar. Na taɓa hannun Yaya na nuna mata.

Mai gidan wani tsohon Ba'italiye ne da ya zo aikin hanya bai koma ba. Matarsa mutuniyar Yagwa ce, Musulma, ita ce a madafa. Ta gan mu a tsaye ta baya, ta kira mu da Fulatanci, da ta ji bakinmu sai ta koma Hausa. Abu biyu na gani a madafar nan. Ta taga na hangi cinyoyin alade busassu an rataye su da farar igiya a ɗakin ajiya. A can gefe kuma, kan murhu na dabam, akwai tukunya da aka ɗaura wa jan ƙyalle a kunne, da ludayinta da farantanta a kife kusa da buta. Matar ta ga inda idona yake, ta ce wannan tukunya tata ce da direbobi Musulmi, ko maigidan ba ya taɓa ta. Ta ce mu dawo ranar Alhamis da ba lekol, za ta ɗanɗana mana.

Ban je ba, kuma dalilin ƙarami ne har ina jin nauyin rubuta shi. Na ga yadda masu ci ke murza cokali mai yatsu taliyar ta naɗe, na tabbata a hannuna zamewa za ta yi, a yi mini dariya. Na ce wa Yaya kaina na ciwo. Ta lallashe ni, ta kira ni kunkuru, da ta gaji ta tafi da wata Bafulatana 'yar ajinmu da ta zo daga Domayo. Suka dawo suna dariya, da ɗigon jar miya a wuyan rigar Yaya. Daga ranar komai su biyu ne. A tsakar lekol sai su ɗauki tsinke suna murzawa a iska su kwashe da dariya, ni ina gefe. Ni na gano gidan, amma ko sau ɗaya ban ji an ambaci hakan ba. Da yamma hannunmu na haɗuwa a kwano, ni kuwa abincin ba ya wuce mini.

Wata safiya Kaka tana tankaɗe ta tambaye ni inda Yaya ke zuwa duk Alhamis. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Na ce gidan abincin wani Nasara. Na faɗi cinyoyin alade, har da farar igiyar da aka rataye su da ita. Jan ƙyallen yana kan harshena, na haɗiye shi. Abin da nake so kawai a hana ta zuwa, ta dawo mu zama mu biyu. Kaka ta ajiye rariya. Da azahar na ga ta saɓe kwanonmu da toka da ƙasa, ta zuba mini ni kaɗai, ta zuba wa Yaya a wani tsohon kwano mai tsatsa a baki. Yaya ta rantse ta kuma rantsewa cewa daga tukunyar matar ta ci, ta ce a tambaye ni, ai na gani. Kaka ta juyo gare ni. Na sunkuyar da kai kamar yadda na saba, kowa ya ɗauka kunyata ce.

Maganar ta kai wa malamin da muke karatun allo a wurinsa, ta kai wa baffana. Ya iso ransa a ɓace, ya ce lekol ce ta buɗe mata ido da ƙafa. Ana saura kaɗan a yi jarrabawar sertifika ta gama firamare ya sa ta a mota zuwa Kolofata, wurin ƙanwar mahaifiyarta mai sayar da gyaɗa da wake. Yaya kuwa ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajinmu. Ni na ci jarrabawar, aka yi mini guɗa a tsakar gida, ranar ma ni kaɗai na ci abinci a kwanon nan.

Hutun bara na roƙa aka bar ni na je Kolofata. Na sami Yaya a rumfa tana auna wake, ta rame, amma dariyar tana nan. Ta murza taliya da hannunta, ta yi miyar tumatir da tafarnuwa da ɗoɗɗoyar da ta shuka a gwangwani. Na fara magana, ta katse ni. Ta ce tun ranar da Kaka ta ambaci farar igiya ta san bakin wa ta fito, don duk Garwa ba mai lura da launin igiya sai kunkurunta. Ta ce ta yafe. Sannan ta zuba abincin a kwano biyu, ta turo mini ɗaya, da cokali mai yatsu a kai.

Na ci, taliyar ta yi ta zame mini, ba wanda ya yi dariya. Tun daga ranar nake tunanin yadda na rusa karatun yarinya ba tare da na faɗi kalma ɗaya ta ƙarya ba. 'Yan uwana mata, musamman masu shiru irina da ake yaba wa da kunya, ku binciki zuciyarku kafin ku kai rahoton wani. In kun ji tana zafi, ku yi shiru har ta huce, in kuma dole ne ku faɗa, ku faɗi duk abin da idonku ya gani. Ina roƙon Allah Ya ba ni ƙarfin hali in zauna gaban Kaka tun tana raye in gaya mata maganar tukunya mai jan ƙyalle.