Filaya da Haƙorinsa Mai Hula

Duk layin masu gyara babu mai kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Filaya ake ce masa, kuma yana amsawa da fara'a. Aikinsa wayarin lantarki, sunan kuwa ya samo shi ne saboda tun yana saurayi bai taɓa yarda ya sauko daga tsani don neman abin fere waya ba. Sai ya kai wayar baki, ya datse robar da haƙori, ya fizge, ya tofar. Shekara talatin da ɗoriya yana haka, duk gidan da ya yi wa aiki sai an share guntayen roba ja da baƙi masu shaidar haƙoransa.

Bai gina bene ba, bai sayi mota ba. Abin da yake tinƙaho da shi guda ne: yana da shekara hamsin da takwas, haƙoransa talatin da biyu cif. Kowa ya ɗauka raha ce, amma matarsa ta san asalin zancen. Mahaifinsa bai kai hamsin ba bakinsa ya zama wayam, domin duk haƙorin da ya yi masa ciwo sai ya je a fizge. Filaya ne ya riƙa jiƙa masa burodi a shayi, yana kallon dattijon yana kare baki da hannu in zai yi dariya. Tun lokacin ya sha alwashi shi da haƙoransa za a rufe shi, ko ɗaya ba zai bari a hannun kowa ba.

Shekara shida da suka wuce wata waya mai kauri ta tsaga masa haƙorin da ke bayan fiƙar hagu. Aka fere haƙorin a asibiti, aka kifa masa hula fara mai ƙarfe a ciki. Maƙwabcin shagonsa, mai walda, ya ce ai yanzu lissafi ya koma talatin da ɗaya da rabi.

Filaya ya ce, “Kai da ka sa hula, rabin mutum ka koma?”

To wannan mai hular ne ya tayar masa da hankali bana. Da fari ruwan sanyi ne kawai ba ya so. Kafin sati ya zagayo ya fara zogi, yana harbawa har kunne, har ƙasan ido. Filaya ya tafi asibiti, ya bi layi tun safe. Ma'aikaciyar jinya ta haska bakin, ta ba shi ƙwayoyi, ta ce in fuska ta kumbura ko zazzaɓi ya zo ya dawo nan take. Likitar haƙori kuwa ita kaɗai ce, mutane sun yi mata yawa. Aka rubuta masa rana a kati, kwana goma sha shida.

Ya dubi katin, ya dubi mai rubutun, ya ce, “Haƙorin ya san da wannan?” Babu wanda ya yi dariya. Ya soke katin a aljihun gaba ya fito.

Wanda bai taɓa ciwon haƙori ba ya fi kowa sanin maganinsa, kuma layin masu gyara cike yake da irinsu. Wani ya ce ya ɗiga fetur. Wani ya ce ya niƙa ƙwaya ya cusa a dasashi. Mai walda ya kawo ruwan batir a murfin kwalba, ya rantse ɗigo ɗaya ya isa.

“Sai ya kashe tsutsar,” in ji shi.

“Ya kashe tsutsa, ya kashe haƙori, ya bi ta kan mai haƙorin. Kwashe tsiyarka.”

“To mu je bayan kasuwa wajen mai cirewa, minti biyar ka huta. Ko ka zauna nan in ɗauko takwararka daga akwatin aiki.”

Filaya ya nuna masa ƙofa da sukundireba.

Shi nasa tsarin daban ne. Matarsa tana ɗumama masa ruwan gishiri ta zuba a fulas, yana kurkure baki bayan kowane abinci. Yana ajiye kanumfari a kunci, yana tauna ta dama kaɗai, shayi sai ya huce. Ƙwayar asibiti kuwa da agogo yake shan ta, ko zogi ya kai ina ba ya ƙara ko rabi. In abin ya motsa yana tsakar aiki sai ya ajiye kaya, ya kama ƙarfen tsani da hannu biyu, ya yi wa haƙorin faɗa kamar ɗan haya mai fitina. “Yi iyakar yinka. Nan ka tsiro, nan za ka zauna.” Masu gida sukan leƙo su ga da wa yake magana.

Ya rame. Mutumin da yake cika layi da surutu ya koma gaisuwa da hannu. Amma ko yini ɗaya bai rufe shago ba.

Ranar kwana na goma sha ɗaya hannunsa ya ci amanarsa. Yana saman tsani a wani ɗakin ɗinki, hannun hagu riƙe da fanka, na dama riƙe da waya, masu ɗinki sun tsai da kekuna suna jiran iska. Bai yi tunani ba. Hannun da ya saba shekara talatin ya kai waya baki, kuma daidai wurin da ya saba kaiwa. Ya datsa.

Bai yi ihu ba, domin numfashin ihun ma ya ɗauke. Ya rungume fankar, ya sauko taka ɗaya ɗaya, ya ajiye ta a hankali kan tebur, sannan ya zauna daɓas cikin ƙyallaye, hawaye na zuba ta idon hagu kaɗai. Ya taɓa hular da harshe ya ji tana motsi. A nan ne ya ji tsoro na gaske, ba na ciwo ba, tsoron ko da bakinsa ya kashe abin da yake ta karewa. Da ya dawo hayyacinsa ya hau ya ƙarasa ɗaura fankar.

Matarsa ta gane tun daga shigowarsa. Ta ajiye masa ruwa, ta zauna gabansa.

“Baban yara, don girman Allah ka je a cire shi. Haƙori ɗaya ne fa. Kwana goma sha ɗaya ban ga dariyarka ba.”

“Baba ma da ɗaya ya fara.”

“Kai ba Baba ba ne.”

“Shi ya sa.”

Ta dube shi, haushi da tausayi sun cika ta. Ta tashi ta buɗe durowa, ta ɗauko takunkumin fuska irin na asibiti, ta jefa masa a cinya. “Tunda hannunka ba ya ji, gobe da wannan za ka hau tsani.”

Haka aka yi. Sauran kwana biyar ɗin da takunkumi ya yi aiki, filaya ta gaske tana reto a wuyansa da igiya. Sau uku wayar tana zuwa baki tana tarar da ƙyalle. Mai walda ya yi dariya har ya ƙware, Filaya bai kula shi ba.

Ranar da ke kan kati tare suka je da matarsa. Likitar ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsu ba. Ta ɗauki hoto, ta ƙwanƙwasa hular, ya ƙanƙame hannun kujera.

“Baba, ruɓa ta shiga ƙarƙashin hular har ta kai jijiya. Saiwar ba ta tsage ba, ka yi sa'a. Hanya biyu ce. In cire shi yanzu, zuwa jibi ka manta da shi. Ko in buɗe in wanke, ka zo sau uku, sannan a yi sabuwar hula. Yau zan rage maka zafin, amma zama na biyu sai bayan sati uku, babu wuri kafin nan.”

Ta juya ga matar, da alama tana neman mai taya ta. Matar ta buɗe baki, ta dubi mijinta, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sai ta sunkuyar da kai.

Filaya ya zaro katin daga aljihu ya miƙa.

Likitar ta ce, “Baba, ka fahimce ni dai? Zai iya sake tashi cikin satin nan uku, kuma ban yi maka alkawarin zai tsira ba.”

“Na ji, 'yata. Shi ma ya ji. Rubuta ranar.”