Malami Mai Jin Ciwon Famfo

Kullum da hantsi, in ka bi ta tashar Isa, za ka ga Malami Muntaka yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Ba komai a ciki sai tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da roba, da wayoyi uku masu baki daban-daban. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zagaya rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, daga Isa har Sabon Birni.

Kowace rijiya tana da akwatin da ke sarrafa famfo, kuma a gefensa akwai wata 'yar kafa. Nan Malami ke soka waya ya haɗa da kwamfuta, ya tura layukan umarni da ya rubuta da kansa, akwatin ya mayar masa da bayanin abin da ke damunsa. Ba a makaranta ya koya ba. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo masa takardar bayanin akwatin daga Maraɗi, da Faransanci, ya yi wata biyu yana bin ta kalma-kalma.

Bazarar bara famfon wani ƙauye a Turba ya tsaya. Masu gyara suka ce injin da ke can ƙasan rijiyar ya ƙone, sai an jira sabo. Inna Kande, dattijuwa a ƙauyen, ta gaya mini kwana tara mata na zuwa ɗiban ruwa a daji, ta hanyar da kowa ya san 'yan bindiga na tarewa. Ta ce kullum takan tsaya a bakin gari har sai ta hango 'yarta Rukayya tana dawowa daga ɗiban ruwa. Makiyaya kuma sun fara shirin tashi da shanunsu.

Da labari ya kai wa Malami, iyalinsa sun roƙe shi kada ya bi hanyar. Ya ce musu, "Za ni, mata ma suna bin ta."

Da farko akwatin ya ƙi amsawa. Ya goge tsatsar kafar, ya gyara layi biyu, a gwaji na uku lambobi suka fito. Ashe injin lafiyarsa lau. Abin auna ruwa ne ya lalace, yake ta nuna rijiya ta ƙafe. Ya canza shi, kafin la'asar ruwa ya zubo. Inna Kande ta ce ita ko guɗa ta kasa, zama ta yi a ƙasa tana hawaye.

Malami, kai ne mai haƙurin tambayar ƙarfe har ya amsa. Yanzu da ido ya yi rauni za ka ajiye aiki, ba ka tafi da iliminka ba: ka rubuta bayanin kowane layi da Hausa, ka koya wa mutum huɗu.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk wanda ya iya wani abu a cikinmu, ya yi yadda Malami ya yi: ya kai shi inda ake tsoron zuwa.