Shingen Marlys

Marlys Tollefsrud ce ta kafa dokar da bakinta: daga ranar da motar alkama ta farko ta hau ma'auni har ranar da ta ƙarshe ta sauka, ba mai taɓa kwamfutar ƙungiyar manoma. Ba gyara, ba ƙari, ko ɗigo ba a canzawa. Duk wanda ya yi aiki a ofishin nan namu na jihar Dakota ta Arewa a Amurka ya haddace wannan doka kafin ya san inda ake ajiye kofi.

'Yar manomi ce, kuma matar manomi. Ta shigo ƙungiyar tana budurwa, tana buga takardun awo da tafireta. Da aka sayo kwamfuta ta farko, mai girman akwatin sanyi, sai aka tura ta birnin Fargo ta yi kwas, ta dawo ita ce mai kula da ma'adanar bayanai. A wancan zamanin mutum yakan wanke hannu kafin ya shiga ɗakin na'ura. Ita har yau tana wankewa.

Aikin nata yana da wata ɗabi'a da mutanen waje ba su cika ganewa ba. Ba a gaya wa ma'adanar bayanai yadda za ta nemo abu. Abin da ake so kawai ake rubuta mata a matsayin tambaya. A cikinta akwai wani sashe da ake kira mai tsara hanya, shi ke zaɓar inda za a fara nema da inda za a bi. Marlys tana maganarsa kamar yadda take maganar ɗalibanta na makarantar Lahadi. Takan ce yana da biyayya, amma sai an sa masa ido.

A shekarun farko abin da ya fi ba shi wuya shi ne tambaya a cikin tambaya. Rahoton yamma yana neman dukan motocin da suka hau ma'auni a ranar, kuma ga kowace mota yana son sanin matsakaicin danshin alkamar mai motar a kakar. Wannan ta biyun ita ce ƙaramar tambaya da ke zaune a cikin babbar. Mai tsara hanya na lokacin ba shi da wayo. Ya ɗauki mota ɗaya, ya tafi ya lissafa danshi, ya dawo. Ya ɗauki ta biyu, ko da ta manomi ɗaya ce, ya sake tafiya ya sake lissafi daga farko. Ma'aikata sukan kunna rahoton su tafi cin abinci, su dawo bai gama ba.

Marlys ta zauna ta sake rubuta tambayar. Ta ware ƙaramar gefe guda, ta tilasta wa mai tsara hanya ya lissafa danshin alkamar dukan manoma sau ɗaya tak, ya ajiye amsar, sa'an nan ya shiga babbar tambaya. Ta kuma hana shi haɗa biyun ko ya so. Rahoton da ke cinye lokacin abinci ya koma fitowa kafin mutum ya zuba kofi. Aka sa wa dabarar suna shingen Marlys. Wasu ƙungiyoyi na maƙwabta suka aiko a koya musu. Da aka zo rubuta tambayar da ke fitar da takardar awon kowace mota, sai aka ɗora ta a kan shingen nan, tun da kowa ya amince da shi. A bikin cikarta shekara ashirin a aiki har kek aka yi mai siffar shinge, matan majami'a suka jera masa sanduna na cakulan.

Girbin bana shi ne nata na ƙarshe kafin ta yi ritaya. A damina ƙungiyar ta haɗe da wasu ƙungiyoyi na gabas, bayanan manomansu duka suka shigo ma'adana ɗaya. An gwada kome kafin girbi, amma a lokacin motoci jifa-jifa suke zuwa. Da girbi ya kankama, sai takardar awo ta fara nawa. Mota ta hau ma'auni, direba ya kashe inji, ya jingina da taga yana jira. Kafin tsakar rana layin motoci ya wuce majami'a ya kai hanyar jirgin ƙasa. Rediyo kuma ta ce hadari na tahowa daga yamma gobe. Motar da ba ta sauke kaya ba ba ta komawa gona, injin girbi yana tsaye yana jiranta, alkamar da ruwa ya taras a gona kuwa darajarta takan faɗi.

Duane Haugen, manajan ƙungiyar, ya shigo ɗakinta da hula a hannu.

"Marlys, na kira masu sayar da na'ura. Sun ce za su kawo mana babba, amma sai mako mai zuwa."

"Mako mai zuwa ai sai dai ta auna mana alkamar da ta tsiro," in ji ta.

"To me za mu yi? Ba na son a taɓa kome. Dokarki ce, ba tawa ba."

Marlys ta juya ga kwamfutar. Ta sa tabarau, ta umurci mai tsara hanya ya nuna mata hanyar da yake bi kafin ya fitar da takardar mota ɗaya. Irin wannan bayani daga ciki ake karanta shi zuwa waje, ta bi shi da bakin biro a kan gilashin kwamfutar, layi bayan layi, yadda ta saba. A can tsakiya ta tsaya. Domin mota ɗaya, ta manomi ɗaya, na'urar tana lissafa danshin dukan manoman gabas da yamma, sa'an nan ta zubar da sauran ta ɗauki guda. Mota ta gaba ta hau, a sake. Ba ganin damarta take yi ba. Shingen ne ya hana ta leƙawa ciki ta ce wannan manomin kaɗai nake nema.

Wayarta ta yi ƙara. Arlen ne, mijinta, daga cikin layin motoci.

"Tsohuwa, ina gaban gidan fasto tun ɗazu. Matarsa har ta kawo mana lefse, wainar dankalin nan, don tausayi. Ki gaya wa akwatin nan naki in ba zai iya ba, mu dawo da tafireta."

"Ka ci ka yi shiru, malalaci. Ka samu zama kyauta kana ƙorafi."

"Manomin da ke nan layi tare da ni, Arne Solberg, ya ce shingenki ya kama mu duka kamar shanu."

"Ka ce wa Arne bakinsa ya faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa."

Ta ajiye wayar. Duane yana kallonta.

"Wasa yake yi ai," in ji shi.

"Shi wasa yake yi. Amma shingen ne."

Duane ya zauna a kujerar baƙi. Ya ce ba zai yiwu ba, abin da ya yi aiki tun kafin a haifi 'ya'yansa. Ta ce ya yi aiki sa'ad da manoma ba su da yawa, mai tsara hanya kuma yaro ne. Yanzu manoma sun ninka, shi kuma an sabunta shi sau da dama, wataƙila ya koyi abin da take yi masa da hannu tun tuni, ita ce ba ta ba shi dama ya nuna ba.

"Wataƙila?" in ji Duane. "Da motoci a waje kike ce mini wataƙila?"

"Shi ya sa zan tambaye shi tukuna."

Akwai kwafin ma'adanar da ake gwaji a kai. A can ta buɗe tambayar, ta cire shingen, ta mai da ƙaramar tambaya cikin babbar yadda take a asali, a sauƙaƙe, kamar yadda ɗan koyo zai rubuta ta. Ta ce wa mai tsara hanya ya nuna hanyarsa. Bayanin ya fito gajere. Ya ɗauki sunan mai motar ya shigar da shi cikin ƙaramar tambaya, ya tafi kai tsaye wurin bayanan mutumin, bai kalli na kowa ba. Ta gwada rahoton yamma, domin nan ne tsohon ciwon yake. Bai yi ta kai da kawowa ba. Ya narkar da tambayoyin biyu suka zama ɗaya, ya bi motocin sau guda. Ta gwada amsoshin da na shingen, manomi da manomi daga gabas da yamma, ba bambanci.

Ta cire tabarau ta goge shi da gefen riga.

"Duane, zo ka gani. Yaron ya girma."

"Ni ban ga kome ba sai rubutu."

"To ka ga fuskata. Ina neman izinin karya dokata."

Ya juya hular a hannunsa, ya dubi taga, inda layin motoci ke ƙyalli cikin rana. Ya ce, "In ya lalace fa?"

"Sai in mai da shingen, ka ci gaba da jiran mako mai zuwa. Na ajiye shi a gefe."

Ta tashi ta wanke hannu. Ta kira mai kula da ma'auni ta ce ya tsai da motar da ke gaba, kada ta hau sai ta ce. Ta yi canjin a ainihin ma'adanar, ta ce a hau. Direban ya kai hannu zai kashe inji kamar yadda ya ga na gabansa sun yi, sai ga takarda an miƙo masa ta taga. Ya karɓa yana jujjuya ta, har na bayansa ya danna masa ham.

Kafin rana ta yi sanyi layin ya janye daga hanyar jirgi, ya wuce majami'a, ya dawo cikin harabar rumbu. Motoci suka yi ta komawa gona. Ruwan ya zo kashegari kamar yadda aka ce, ya sami wasu gonaki ba a gama ba, amma mafi yawan alkamar tana ƙarƙashin rufi.

Da Arlen ya sauke kayansa ya leƙo ofis da sauran lefse a takarda.

"An ce kin rushe shingenki da hannunki."

"Na rushe."

"To yanzu da me za a tuna da ke?"

Ta karɓi lefsen ta gutsura. A kan gilashi bayanin hanyar yana nan, ba ta rufe shi ba, ta juyo da shi wajen mijinta ko da yake ta san ba zai gane ko layi ɗaya ba.

"Dubi yadda ya bi," in ji ta. "Ni kaina da haka zan bi."