Gwaggo da Malam Sifili

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta yi rayuwarta tana koyar da lissafi, amma haushi ne ya kai ta aikin, ita da kanta take faɗi.

Tana 'yar sakandare akwai wani malami da ɗalibai suka laƙaba wa Malam Sifili, saboda yadda yake zana wa mutum ƙaton sifili da jan biro, har ya yi masa idanu da baki. Ba ya son tambaya. Sai ya cika allo fal da rubutu, ya juyo ya ce, "An gane?" aji ya amsa, "An gane," alhali ko mutum ɗaya bai gane ba.

Wata rana Gwaggo ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, me ya sa idan aka ce biyu a raba da rabi sai a sami huɗu? Ai rabawa ragewa take yi."

Ya yafito ta gaban allo, ya zana mata sifili da alli a goshi, ya sa aka zaga da ita aji-aji ana cewa ga sifili mai ƙafafu. Sunan ya bi ta har ta gama makaranta. Kakanmu ya ba ta haƙuri, ya ce malami uba ne. Ta share hawaye ta tashi.

Da ta fito daga kwalejin malamai, sai ta dage a tura ta tsohuwar makarantarta. Lokacin Malam Sifili ya zama shugaban sashen lissafi, furfura ta fara fito masa. Ko kaɗan bai gane ta ba. Ya miƙa mata ajin da yake kira na marasa rabo, wani ɗaki a ƙarshen baranda mai fasassun tagogi, ya ce, "Ki dai hana su surutu, ya isa."

Gwaggo kuwa surutun ta ƙaro. Ta shigo da igiya da almakashi, ta sa yara suka auna kamu biyu, suka yi ta yanka rabin kamu, rabin kamu, suka ƙirga guntaye huɗu a tafin hannunsu. Ta fito da su fili suna auna inuwar tankin ruwa don gano tsayinsa. Wanda ya yi kuskure sai ta ce ya zo ya nuna yadda ya yi tunani, aji ya yi ta gardama. Malam Sifili yakan leƙo ta taga ya ce, "Wannan aji ne ko kasuwa?" Har almakashinta ya taɓa ƙwacewa.

Ana nan sai wasu masu bincike daga jami'a suka zo, ƙarƙashin wata Dokta mai sanyin magana. Suna son gano abin da ke sa yara su ba da hankalinsu a darasin lissafi da kimiyya. Suka kafa kyamara a bayan azuzuwa, bayan sun yi wa malamai alkawarin cewa su kaɗai za su kalla. Da suka duba, sai suka ga ajin marasa rabo ya fi kowane aji yawan tambaya, kuma sakamakonsa yana hawa. Dokta ta yi murna, ta nemi Gwaggo ta taya ta horar da malaman yankin, ta ba ta damar shiga bidiyon don ta zaɓi na ajinta.

Gwaggo ta zaɓi nata, ta kuma kwafi wani da ba nata ba.

Ranar taron zaure ya cika maƙil. Malam Sifili yana sahun gaba cikin manya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Gwaggo ta ce za a fara da misalin yadda ake kashe wa yaro zuciya, ta kunna. Ga yara kwance kan tebur, wata tana tsefe wa ƙawarta kai, wani yana hamma har ana ganin dasashinsa. Malamin ya ba kyamara baya yana ta rubutu, amma da ya juyo ya ce, "An gane?" kowa ya shaida shi. Gwaggo ta tsayar da hoton daidai fuskarsa, ta dubi zauren ta ce, "Jama'a, an gane?"

Dariya ta ɓarke, har da waɗanda shi ya koyar. Ya miƙe a hankali, ya fita ba tare da ya dubi kowa ba.

Dokta ta fusata. Ta ja Gwaggo gefe ta ce, "Malama, amana aka ba mu. Yanzu wane malami zai sake yarda mu shiga ajinsa?" Nan take ta cire ta daga aikin, makarantar ma ta janye daga binciken.

Washegari dattijon ya tare ta a ƙofar ofishin malamai. Ya ce, "Yarinya, me na yi miki?"

Ta faɗa masa komai, allin, goshin, zagayen azuzuwa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wallahi ban tuna ba."

Wannan ta fi allin zafi. Ta ce, "Ni na tuna. Yanzu kai ma ka sami abin tunawa."

Bai ƙarasa shekarar ba ya yi ritaya. Gwaggo kuma ba a sake yi mata ƙarin girma ba, amma ta ci gaba da zama a ɗakin nan na ƙarshen baranda, iyaye suna rububin a sa 'ya'yansu a ajinta. Babanmu ya yi ta faɗa, ya ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ta ce ai don haka ta yi.

Bayan shekaru aka aiko wa babanmu cewa dattijon yana kwance ba lafiya, yana neman duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Babanmu ya matsa mata sai da ta je, ni na raka ta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ta ɗan zauna, muka fito.

Muna shiga gida babanmu ya ce, "Kin yafe masa dai ko?"

Ta ce, "Yaya, na ce Allah ya ba shi lafiya, kuma har zuciyata na faɗa. Yafiya kuwa tawa ce, ban shirya bayarwa ba." Ta tuɓe takalmi, ta ce in miƙo mata ruwa.