Jan Fenti a Katangarmu

Shekarar da na shiga aji huɗu, wata Laraba bayan an gama cirar albasa, na dawo daga makaranta na tarar da mutum biyu a ƙofar gidanmu a Achida, ɗaya da igiyar awo, ɗaya da gwangwanin jan fenti. Suka shafa alama a katangarmu, suka miƙa wa Baba takarda, suka wuce ko ruwan da Inna ta kawo ba su sha ba. Ni kaɗai ke karanta boko a gidan, don haka Baba ya zaunar da ni a zaure. "Ɗiyata, mi suka rubuta?" Na karanta ina harhaɗawa: ƙaramar hukuma za ta gina magudanar ruwa, doka ta ba ta ikon hanyoyin cikin gari, mu ja katanga baya taku uku.

Baba bai yarda ba. A wannan taku ukun rumfar albasarmu take, inda nake taya Inna tsince ruɓaɓɓu kullum kafin in fita gaɗa da ƙawayena. Ya je wajen hakimi, aka ce masa yanzu hanya ba a hannun sarauta take ba. Washegari ya sa ni gaba muka bi alamun gida-gida har ƙarshen unguwa, ina ƙirgawa. Layin ya tafi miƙe sambal, sai da ya iso gidan surukin kansila ya karkace. Baba ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Ruwa bai san gidan surukin kowa ba." Ya ɗauke ni a keke har sakatariyar ƙaramar hukuma. Muka wuni a benci ina riƙe da takardar, daga ƙarshe wani akawu ya ce injiniya ne ya ga tudu a wurin, shi ya sa layin ya karkace.

Baba ya rushe katangarsa da hannunsa, don kada a rushe masa. Aka gina magudanar, kuma daminar nan ruwa bai shiga ɗakin kowa ba. Inna ta yi godiya. Shi kuwa har ya rasu bai yarda akwai tudu a can ba.

Yanzu kowa a gidanmu yana karatu, takardun hukuma kuma a waya suke iso mana. Mukan yi gunaguni a zaure, a tashi a watse. Ban ƙara ganin wanda ya hau keke ya je ya tambaya ba.